Kafin Mu Gama Yi Wa Masu Farautar Tuna Dariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Jaridarku tana iso mana nan Jidda ta waya, muna karanta ta, har mukan yi musu a kanta bayan sallar isha'i.

Dalilin wannan takarda shi ne hoton da kuka buga a shafin labaran ƙetare, na wani Ba'amurke tsaye kusa da kifin tuna da ya fi shi tsawo, da 'yan layukan da ke ƙasa masu cewa masu kuɗin Amurka sun rasa abin yi, suna biyan dubban daloli su yi mako biyu a teku don kifin da za su iya saye a kanti. Mun yi dariya, ba laifi. Sai dai ni a ruwa nake cin abinci, kuma a ganina dariyar ta rufe wa masu karatu abin da ya fi amfani a labarin, wato yadda mutanen nan suke tafiyar da kifin bayan ya hau jirgi.

Ni jikan Sarkawan Yawuri ne. Kakana ya zo hajji ta ƙasa, ya ratsa Sudan, ya ƙetare daga Sawakin, bai koma ba. A nan aka haife ni, kuma aikina shi ne yaron jirgi a wani jirgin haya mai fita da masu fatsa cikin Bahar Maliya. Ni ke ɗaura ƙugiya, ni ke fasa ƙanƙara, ni ke gyaran kifi, in kuku ya kwanta da jiri ni ke dafa shayi. Galibi daga Abhur muke tashi, arewa da Jidda. In tafiyar kwanaki ce, sai mu tashi daga Lis, wajen kilomita 200 kudu da nan, mu nufi tsibiran da duwatsun murjani da ke can cikin teku.

Bari in fara da nasu, tunda shi kuka buga. Irin wannan tafiya daga San Diyego ake tashi, a kudancin jihar Kalifoniya, dab da iyakar Meziko. Na san tsarinta ta bakin wani injiniya Ba'amurke da ke aiki a Yanbu, wanda yakan fita da mu in ya samu hutu, lokacin sanyi kuma ya koma gida ya shiga waɗancan jirage. Ya nuna mini bidiyo har na gaji da kallo. Jiragen manya ne, tsawon wajen mita 25 zuwa sama, da ɗakunan kwana da kicin, suna ɗaukar masu fatsa 20 zuwa 30. Akwai tafiyar kwana 5, akwai ta 10, akwai ta 16 da fiye. Sukan gangara kudu ta gefen Baja Kalifoniya, su tsaya a duwatsun Alijos, waɗansu tsirarun duwatsu da suka tsiro a tsakiyar teku, ba ruwan sha, ba inuwa, sai tsuntsaye. Masu dogon zango su wuce har tudun ƙarƙashin ruwa da ake kira Hurricane Bank, wajen mil 1,000 daga gida, tafiyar kwana 3 zuwa 4 kafin a isa. Da can sukan yi su a gindin tsibiran Revillagigedo, amma a 2017 gwamnatin Meziko ta mai da wurin gandun ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 148,000, ta hana kamun kifi a ciki gaba ɗaya. Yanzu sai dai su tsaya a wajen iyaka. Ni ban ga laifin Meziko ba a nan.

Kifin da suke bi shi ne tuna mai rawayen fiffike, kuma girmansa ba na wasa ba ne. A 2010 wani mai suna Mike Livingston ya kama mai kilo 183 a jirgin Vagabond, a irin wannan doguwar tafiya. A 2012 Guy Yocom ya kama mai kilo 193 kusa da garin Kabo San Lukas na Meziko. Ƙungiyar masu fatsa ta duniya, IGFA, wadda aka kafa a 1939, ita ce ke rubuta irin wannan bajinta, kuma ba ta karɓa sai mutum ɗaya ya yi kokawar shi kaɗai, ba wanda ya taɓa masa sanda ko igiya. Wahoo kuwa, wani dogon kifin teku mai tsananin gudu, mai kilo 83 da ke littafinsu wata yarinya ce 'yar shekara 15, Sara Hayward, ta kama shi a 2005, ita ma a Kabo San Lukas. Da na faɗa wa ƙanena wannan, sai ya ce to ai shi ke nan, ya daina cika mana baki da ɗan kifin hamur ɗin da ya kama bara.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a bidiyon injiniyan nan shi ne tsari. Mutum 25 a bayan jirgi ɗaya, kowa da igiya a ruwa, tuna kuma ba ya tsayawa wuri guda. Doka ita ce ka bi kifinka duk inda ya yi: ka wuce ta saman sandar wani ko ta ƙarƙashinta, kana faɗa da baki, ma'aikatan jirgi suna warware igiyoyin da suka harɗe. Suna tafe da dubban ƙananan kifin sardin masu rai a cikin tankuna, ana watsa kaɗan-kaɗan a ruwa don a riƙe garken tuna kusa da jirgi. Wani lokaci sukan tashi leda mai tashi sama irin ta wasan yara, babba, ta ɗauki igiyar ta kai abincin ƙugiya nesa da jirgi, yana ta fantsama a saman ruwa, manyan tuna masu wayo ba sa ganin igiyar. Wannan kuma da layi ake yinsa, kowa da lambarsa. Haka jan kifin roba a bayan jirgi don wahoo, rukuni-rukuni ne, in na wannan rukunin ya kama sai su matsa wa na gaba.

Mu a nan ba kasafai muke haɗuwa da wahoo ba. Namu na kullum shi ne dirak, wanda ɗan'uwansa ne, duk dangin tuna ne. Amma na gan shi kusa da kusa, kudu da Lis, a inda dutsen murjani yake yankewa tsaye ruwa ya koma baƙi. Bahar Maliya a tsakiyarta ta fi mita 2,000 zurfi, kuma a bakin irin wannan rami manyan kifaye suke kiwo. Muna jan kifin roba da hantsi, sai sanda ɗaya ta ɗan girgiza, shi ke nan. Na naɗo igiyar, ba kifin roba, ba ƙugiya, bakin igiyar a yanke tsaf, ba ko zare ɗaya da ya tsefe. Kyaftin ya duba ya ce: "Sa waya." Na ɗaura wayar ƙarfe tsawon kamu biyu a gaban ƙugiya, muka juyo ta kan wurin, kyaftin ya ƙara wuta.

Wanda bai ji kukan injin naɗi ba sa'ad da wahoo ya ɗauka, da wuya a kwatanta masa. Igiya tana fita har injin yana ɗaukar zafi a hannu. Kifi ne da ke gudun da ya haura kilomita 70 a awa, siriri, dogo, ba tumbi. Ƙarfinsa a gudun farko yake. In ka tsira daga nan, saura dabara. Dabarar kuwa ita ce yakan juyo ya nufo jirgi a guje, igiya ta saki, mai sanda ya zaci ya tafi, ya daina naɗi, shi kuwa ya girgiza kai ya tofar da ƙugiyar. Wani dattijo ɗan Makka ne ke riƙe da sandar a ranar, ina tsaye a kafaɗarsa ina ta cewa: "Naɗa, Baba, naɗa, yana nan!" Da ya iso gefen jirgi, jikinsa shuɗi ne mai walƙiya, da zane-zane a tsaye tun daga wuya har wutsiya. Na sa masa babbar ƙugiya mai mariƙi a bayan kai, kyaftin ya ce kowa ya ja da baya, ba wanda zai matso sai an buge shi. Mutanen Yawuri su ɗauka tsage ne aka miƙar da shi ya kai tsayin mutum, sai dai haƙoran wannan ƙanana ne, a jere, masu yanka kamar reza, kuma ko a kwance a kan dabe in ya juyo ya sami ƙafa sai an yi ɗinki. Kafin dattijon ya gama laluben wayarsa don hoto, zanen ya dushe, kifin ya koma toka-toka.

Tuna daban ne. Shi ba ya yi maka gudun fanfalaki a sama, ƙasa yake yi. Mai haƙoran kare, wanda ya fi yawa a gindin duwatsunmu, yana jin ƙugiya zai nufi murjani don ya goga igiyar ta tsinke, ko dai ka tsayar da shi a daƙiƙun farko ko ka yi sallama da kayanka. Mai rawayen fiffike kuma yakan nutse ya kwanta ta gefe, ya riƙa zagaye a ƙarƙashin jirgi, zagaye bayan zagaye. Duk zagaye akwai wurin da yake ɗan sassautawa, a nan kake samun kamu ɗaya na igiya. Na ga ƙato mai ji da ƙarfi, wanda ya shigo jirgi yana ba mu labarin ɗaga ƙarfe, ya durƙusa bayan rabin awa yana roƙon a karɓe shi. In ka daɗe da yawa kuma, kifin shak zai raba muku, ka jawo kai kawai.

To ga inda nake son masu karatu su tsaya.

Tuna ba kamar sauran kifaye ba ne. Jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, don jijiyoyin jininsa suna riƙe zafin da tsokarsa ke haifarwa, shi ya sa yake da wannan ƙarfi. Ba ya kuma tsayawa da iyo tun da aka haife shi, don da tafiya ruwa ke ratsa bakinsa ya samu numfashi. In ya yi kokawar awa guda, cikinsa ya yi zafi ƙwarai. Ka jefar da shi a kan dabe a rana, zafin nan zai ci naman daga ciki, ya koma fari-fari, mai tsami, mai ruwa. Da ido daga waje ba za ka gane ba. Mai saye na ƙwarai yana soka ɗan bututu ya zaro nama daga kusa da ƙashin baya, nan take ya san yadda ka yi da shi.

Saboda haka minti goma na farko su ne kifin. Ga yadda muke yi, kuma haka suke yi a can. Ana ɗora shi a kan tabarmar roba, ba a kan dabe mai zafi ba, don kada ya bubbuga jikinsa ya ƙuje. A soka masa tsinken ƙarfe a ƙwaƙwalwa, a ɗan wuri mai laushi tsakanin idanu, ya mutu nan take. Japanawa ne suka ƙware a wannan, har sukan zura waya ta cikin ƙashin baya don tsokar ta daina motsi. Sai a yi ɗan yanka a bayan fiffiken gefe, dama da hagu, inda babbar jijiya take, a sa tiyon ruwan teku jini ya tsiyaye. A cire kayan ciki da na numfashi, a cusa ƙanƙara a ramin. Sannan a nutsar da shi a cikin kunun ƙanƙara, kashi biyu ƙanƙara, kashi ɗaya ruwan teku. Ƙanƙara zalla ba ta taɓa ko'ina a jikin kifi, akwai iska a tsakani. Kunun kuwa yana rungumarsa duka. Jiragen San Diyego sun wuce nan: suna da rumbuna cike da ruwan teku da inji ke sanyayawa dab da daskarewa. Kowane kifi ana maƙala masa lambar mai shi kafin a zura shi. Kifin da aka kama kwanaki da suka wuce ya fito a tasha ido garau, a yanka shi a ci ɗanye.

Wannan ba ƙawa ba ce kawai. Tuna da danginsa, har da titus, da kuma sardin da ake sayarwa a kasuwannin gida, suna da wani sinadari a namansu wanda ƙwayoyin cuta ke juyawa ya zama guba da likitoci ke kira histamin, in kifin ya zauna a zafi. Sai an riƙe shi a wajen digiri 4 ko ƙasa da haka ake tsira. In gubar ta riga ta taru, suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta, mayar da shi firiza ma ba ya kashe ta. Mutum ya ci, ya ji ɗan yaji-yaji a harshe, cikin minti kaɗan fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, jiki ya hau ƙaiƙayi. Sai ya ce ai shi jininsa bai haɗu da kifi ba, alhali kwalin titus ne ya narke da aka ɗauke wuta, aka sake daskarar da shi. Kifayenmu na kogi, su tarwaɗa da ƙarfasa, ba su cika yin wannan gubar ba, amma ruɓa ba ta zaɓen kifi.

Da asuba ina kai kifi Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda, inda ake gwanjo. Akwai wani tsoho Bahaushe mai gyaran kifi a can, sa'an mahaifina, da nake tsayawa gaisarwa. Rannan ya ɗaga kifin najil guda biyu, girmansu ɗaya, daga ruwa ɗaya, ya ce: "Ɗana, dubi nan." Ɗaya ido a fili, jiki a miƙe, in ka danna yatsa naman ya dawo. Ɗayan ido ya faɗa, yatsa ya bar rami. Najil shi ne mafi tsada a teburin mutanen Jidda, amma na biyun da ƙyar ya samu rabin kuɗin na farko. Na ce: "Baba, wa ya kawo wannan?" Ya ce: "Wanda ya yi tsumulmular kuɗin ƙanƙara."

Na je gida Yawuri ganin dangi, na zauna a bakin ruwa ina kallon yadda kifi ke isowa. Mutanenmu sun san ruwa fiye da yadda injiniyan nan zai taɓa saninsa. Suna karanta kogi da ido, sun san inda giwan ruwa ke kwana a kowane wata. Amma kifin da aka ciro daga taru da asuba yana kwance a ƙasan kwalekwale cikin ruwan ɗumi har rana ta take, da kayan cikinsa, wani a kan wani. Abin da bai samu mai saye ba sai banda, kuma sau da yawa sai ya fara juyawa ake kai shi wuta. Ban ce masunci ya sayi inji ba, na san halin da ake ciki da wuta da mai. Amma kashe kifi nan take, da zubar da jini, da cire ciki, da rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ba sa cin ko kwabo. Na gwada wa wani ɗan baffana, ya ce masu saye sun fi son su ga kifi da cikinsa don ya fi nauyi. Da gaskiyarsa, kuma a nan matsalar take, ba a wurinsa kaɗai ba.

Ba duk abin da ke cikin waɗancan jirage nake yabo ba. Suna tara kuɗi kafin a tashi, wanda ya kama mafi girma ya kwashe. Wannan caca ce ko da me aka kira ta, kuma a jirginmu ba a yi. Mu kuma da muka yi karatu a zaure mun san abin da Risala ta ce, farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce. Na taɓa ƙin ɗaura wa wani baƙo ƙugiya bayan akwatunan ƙanƙara sun cika, don abin da zai kama daga nan hoto kawai zai yi da shi ya bar mana ya lalace. Ya kai ƙarata wurin kyaftin, kyaftin ya ce ko dai ya riƙa saki da rai ko a ɗaga anga. Amma a yi wa mutanen San Diyego adalci: kifinsu ba ya zubewa. Masu sarrafawa suna jira a tasha, su yanka, su rufe a leda, su yi banda ko gwangwani, mutum ya ci shekara da iyalinsa, wasu su bayar ga gidajen ciyar da mabuƙata. Batun kuɗin da suke kashewa kuwa, mu da muke da Argungu tun 1934, inda dubban mutane ke faɗawa Matan Fada da gora da homa, wasu kuma su biya kuɗin jirgin sama da otal don kallo kawai, bai kamata mu yi mamakin wanda ya biya don ya kama da hannunsa ba.

Wahalar ma ba kaɗan ba ce. Ko mu da tafiyarmu ba ta kai tasu ba, sai jami'an tsaron iyaka sun duba sunan kowa da takardunsa da rigunan ceto da ranar dawowa kafin mu fita. In iskar azyab ta taso daga kudu, jirgi ya yi ta tashi yana faɗuwa, manyan mutane su kwanta suna amai suna rantsuwar ba za su ƙara ba, wata mai zuwa kuma ka ga sunansu a takarda. Sallah a zaune in tsayuwa ta gagara, kyaftin ya nuna alƙibla da na'ura, jirgi ya juya a kan anga kafin ka kai raka'a ta biyu. Gishirin wannan teku ya fi na yawancin tekuna, don ba kogin da ke zuba a cikinta kuma rana na ƙafar da ita, duk ɗan yankan igiya a hannu sai ya kwana yana zugi. Ladar ita ce sayadiyya da dare, shinkafa da kifin da bai yi awa uku da barin ruwa ba.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ku tura wakilinku Yawuri ko Baga ko bakin dam ɗin Tiga, ya kwana tare da masunta, ya rubuto mana awa nawa kifi ke yi daga taru zuwa kasuwa, nawa ake sayar da sandar ƙanƙara a wurin, daga wane gari ake kawo ta, kuma wa ke cin ribar tsakani. Ya tambayi dillalai ko za su ƙara kuɗi a kan kifin da aka gyara aka sanyaya. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 a kan mashigin Gini, ruwan da tuna ke ratsawa, har Tema ta Gana da Abijan suke sarrafa shi a gwangwani. Shi ma a tambayi hukumomin kamun kifi ina namu rabon. In wakilin naku ya zo umara, ya tsaya Jidda ya leƙa Bangala bayan sallar asuba, ya tambayi Hausawa masu gyaran kifi, za su haɗa shi da ni.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatunku, yaron jirgi a Abhur,
Jidda, Saudiyya.